Tsakanin Saka da Saƙa

Duk mai Keke da ke bin layin bayan tsohuwar masaƙa a Kakuri ya san shagon Eunice Didam, ko da bai san sunanta ba. "Wurin Madam Kwamfuta" suke cewa, kuma sunan ya zauna har yau da babu kwamfuta ko ɗaya mai tashi a ciki. Teburan suna nan, da kujerun roba, da fankar sama mai ƙara. Yaran da ke zuwa koyo yanzu da waya suke zuwa, wasu tasu, yawanci ta iyayensu mata, gilashi a tsage, baya a ɗaure da roba.

A Kakuri aka haifi Eunice. Mahaifinta, Baba Friday, ya baro ƙauyensu na wajen Zonkwa yana saurayi, lokacin da jiniyar masaƙu ce ke tashin unguwa da safe, ita ce kuma ke sallamarta da yamma. Aikinsa ɗaura samfur a kan inji: shi ke tsara wane zare zai shiga, da layi nawa za a saƙa da shi kafin a sauya wani. A masaƙa ba a kiran zare da launinsa, da lamba ake kira. Ɗaya fari, biyu ja, uku baƙi, a haka har ashirin da wani abu. Samfurorin kuwa ma'aikata kan raɗa musu suna a tsakaninsu. Akwai Layin Dogo, akwai Ƙafar Kaza, akwai wani da suke ce wa Matar Manaja saboda yawan adonsa. Eunice tana sakandare aka rufe masaƙar. Baba ya dawo gida da kunne ɗaya da ba ya ji sosai, da samfurori cike da kai, ba inda zai kai su.

Da ta gama kwalejin fasaha, ta yi shekaru tana buga wa ɗalibai takardun kammala karatu a wani shago da ke unguwar Television. A can ta koyi rubuta manhaja, tsakanin fitar wannan kwastoma da shigowar wancan. Bayan ta buɗe nata shagon a Kakuri da tsofaffin kwamfutoci 'yan gwanjo, sai ta lura da abu guda: yaran ba tunani ne ke ba su wahala ba, Turancin umarnin ne. Yaron da zai iya yi maka kwatancen hanya daga Kakuri zuwa Sabon Tasha ba tare da ya tsallake kwana ɗaya ba, in ya zauna gaban allo sai ya daskare. Sai ta rubuta musu ƙaramar manhaja da ke karɓar umarni da Hausa, ta sa mata suna Masaƙa.

Tsarinta mai sauƙi ne. A hagun allo yaro ke rubuta umarni, a dama kuma yadi na tsirowa layi bayan layi. In ya rubuta "saka ja", jan zare ya shiga. In ya rubuta "saƙa goma", a saƙa layi goma da zaren da ke ciki. Akwai "maimaita", akwai "juya", akwai "idan". Amma duk ginin a kan kalmomi biyun nan ya tsaya, saka da saƙa, kuma abin da ya raba su a rubuce ɗan ƙugiyar nan ce da ke kan harafin ƙ. A kwamfutocin shagon wannan ba matsala ba ce. Ta gyara kibod ɗinsu tun farko, ta ɗiga jan farce a kan maɓallin da ke fitar da harafin, har ƙaramin yaro ya san inda yake.

Masaƙa ce ta fito da Baba Friday daga ɗaki. Wata rana ya leƙo shagon, ya ga wata yarinya ta fitar da ratsin ja da fari a allo, sai ya tsaya a bayanta ya ce jan ya yi yawa. Daga ranar ya samu kujera. Yakan rufe ido ya karanto samfur daga kai, Eunice na bugawa. Shi bai san "saka ja" ba, "saka biyu" yake cewa, yadda aka saba a masaƙa, don haka ta koya wa manhajar lambobin zare. Cikin 'yan shekaru duk abin da ke kansa ya koma cikin babbar kwamfutar da ke kusurwa, da kuma wani ɗan filash da take ratayewa tare da makullan shago. Ranar da Layin Dogo ya fito cikakke a allo, Baba ya sa hannu ya shafa gilashin, kamar zai ji kaurin yadin.

Nathan ɗan abokin aikin Baba ne. Gida ɗaya suka tashi da Eunice, ita ta goya shi, ta kuma zama ta farko da ta ɗora hannunsa a kan maus. Ya wuce jami'a, ya dawo ya iya gina manhajar waya, abin da ita ba ta taɓa zama ta koya ba. Anti yake ce mata. In ya shigo shagon ba ya tambayar ko akwai abinci, kular abincin yake buɗewa.

Lokacin da ya dawo, kwamfutocin sun fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kayan gyaransu ma sun yi wuyar samu. Yara kuma kullum tambayarsu ɗaya: Anti, ba za a iya yi a waya ba? A gidajensu babu kwamfuta, amma babu gidan da babu waya. Eunice ta gane in Masaƙa ba ta shiga waya ba, ranar da kwamfuta ta ƙarshe ta mutu ita ma ta mutu, tare da samfurorin Baba. Ta yi wa Nathan maganar. Ya ce, "Anti, wannan ai aikin mako biyu ne." Damina ta wuce, rani ya wuce, wata daminar ta same su a kai.

Abu na farko da ya ƙi shi ne fili. Allon kwamfuta faffaɗa ne, hagu da dama kowa da wurinsa. Fuskar waya kuwa tsaye take, siririya, da zarar ka taɓa don rubutu sai kibod ya taso ya cinye rabi. Suka gwada sama da ƙasa, yadin ya zama kamar kan sarki. Suka gwada kwantar da wayar, kibod ya cinye komai. A ƙarshe suka yarda yaro ya rubuta a shafi ɗaya, ya ja da yatsa ya ga yadinsa a wani shafin, siriri tsaye kamar saƙar hannu kafin a haɗa ta.

Sai kibod ɗin kansa, wanda ya ɗauka ya fi mai rubutu sanin abin da yake so ya faɗa. Ka rubuta "juya" ya mayar da ita sunan wata Baturiya. Ka fara layi ya ɗora maka babban harafi ba ka roƙe shi ba. Sai yatsa, wanda ba shi da tsinin maus: yaro na son gyara harafi ɗaya, sai ya goge layi guda. Sai wayar, wadda da an kira uwar yaro ta amsa, sai ta kashe manhajar a ɓoye don ta samu sarari, aikin rabin yini ya tafi. Wata wayar in aka ce ta maimaita samfur mai tsawo sai ta yi zafi kamar dutsen guga. Wata kuma ta ajiye fayil a inda ita kanta ba ta san hanyarsa ba.

Wurin gwaji shi ne shagon Obiageli, wadda kowa ke kira Mama Chidinma, mai sayar da wayoyi na hannu kusa da tashar motoci. Ƙawar Eunice ce tun suna 'yan mata, Hausarta ta Kakuri ce tsantsa. Takan buɗe musu akwatin gilashinta su ɗauki wayar da suke so.

"Ku gwada a kan wannan," takan ce, tana miƙo wata da batirinta ya kumbura. "In ta yi a nan, ko a kan rediyo za ta yi. Amma Nathan, in ka ƙona min ita, kai zan sa a gilashin in sayar."

"Wa zai saye ni, Mama?"

"Haka ne. Kai ma cajinka ba ya daɗewa."

Duk waɗannan matsalolin sun sha kansu, ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage shi ne ƙugiya. A wasu wayoyin sai ka danne k ka jira kafin ƙ ta fito. A da yawa babu ita sam. A wata tsohuwar waya, in ma ka samo ta, ɗan akwati take nunawa a madadinta. Eunice ta ce a ƙara siririn layi a saman kibod, mai ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ. Nathan ya ce layin zai ci filin da suka sha wahala kafin su samu, kuma kowace waya da yadda take ture shi.

"Anti, wa ke rubuta ƙugiya a waya? Duba saƙonnin da kike turo min. Ke kanki ba kya sa ta. Kai, ko a baki ma, mu 'yan Kudancin Kaduna yaushe muka furta ta? Baba ma 'saka' yake cewa duka biyun."

"Ba haka yake cewa ba. Ka saurara. Ɗaya gajere ne, ɗaya yana jan sa."

"To waya ba ta jin ja. Bari manhajar ta gane da kanta. In launi ya biyo baya, zare ake sakawa. In lamba ce, layi ake saƙawa. Shi ke nan."

Ba ta yi masa gardama da baki ba. Ta buɗe Layin Dogo a babbar kwamfuta ta juya masa allon. Saka biyu. Saƙa biyu. Saka uku, saka ɗaya, saƙa huɗu. Babu sunan launi ko ɗaya daga sama har ƙasa, lambobi ne zalla. In aka cire ƙugiya, babu mai iya cewa wanne ne zare, wanne ne layi. Nathan ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ya gani.

Baba na zaune a kujerarsa, ya karkato kunnensa mai ji. Bai gane zancen kibod ba, amma ya gane ana maganar taɓa samfurorinsa.

"Nathan, ubanka ya tsaya kusa da ni a inji har gashinmu ya yi fari da auduga. Me za ka cire?"

"Ba abin da zan cire, Baba."

"Ka faɗa da kyau, kunnena ba ya ji."

Nathan ya durƙusa ya ɗaga murya. "Na ce ba zan taɓa ko ɗigo ɗaya ba, Baba. Yadda ka faɗa haka zai fito."

Baba ya dafa kan Nathan. A gidan da suka tashi, magana in ta kai nan ta ƙare. Eunice ba ta sake tada ita ba.

Ba a daɗe ba Nathan ya samu aiki a Abuja, wurin wata ƙungiya da ke raba wa makarantu wayoyi da darussa. Ya ce ya nuna musu Masaƙa sun yi murna, in an gama za su taimaka a baza ta ko'ina. Eunice ta yi farin ciki har ta ba da shaida a coci. Ranar tafiyarsa ya roƙi filash ɗin, ya ce ofishinsu na da wayoyi iri-iri, zai gwada duk samfurorin Baba a kansu. Ta ciro shi daga cikin makullai ta ba shi. Bayan wani lokaci ya aiko da shi ta hannun direba, a cikin ambulan, ta mayar da shi wurinsa ba ta ko buɗe ba. A wannan daminar ce tsawa ta faɗo kan layin wuta da tsakar rana, ta ƙone abin da ya rage a shagon, har da babbar kwamfutar kusurwa. Ta ji zafi, amma ta taɓa makullanta ta ji filash ɗin, hankalinta ya kwanta.

Kiran Nathan ya fara raguwa. In ta tambayi aiki sai ya ce saura kaɗan. Mama Chidinma ce ta kira ta wata Asabar.

"Madam Kwamfuta, rufe shago ki zo. Abinki ya fito a kasuwar manhajoji, wani malamin makaranta ya zo in sauke masa. Amma yaushe kika koma hanyar Keffi ba ki faɗa min ba?"

"Wace hanyar Keffi?"

"To ga shi an rubuta Masaka, sunan garin nan na hanyar Keffi. Ni na ɗauka manhajar 'yan tasha ce, mai nuna kuɗin mota daga Maraba."

Eunice ta je ta karɓi wayar. Sunan kuwa haka yake, babu ƙugiya. A ƙasa an sa sunan ƙungiyar, da na Nathan, nata kuma yana can cikin waɗanda aka gode wa. Wannan ta haɗiye shi. Ta ce wa kanta wataƙila kasuwar ce ba ta karɓar harafin. Manhajar ta yi kyau, ta fi yadda suka bar ta sauri da tsabta. Sai dai babu siririn layin nan a saman kibod. Ta rubuta "saka ja", ta rubuta "saka goma", yadi ya fito ja. Har lokacin tana ba Nathan uzuri: wataƙila ya bar hanyar ƙugiya a ciki don tsofaffin ayyuka.

Washegari bayan an tashi coci ta kwafe samfurorin daga filash zuwa wayarta, ta zauna kusa da Baba a inuwar ƙofar gida. Ta yi masa alkawarin zai ga Layin Dogo a tafin hannunsa. Ta buɗe, ta danna. Yadi ya fara tsirowa, layi bayan layi, fari fat. Babu ja, babu baƙi. Manhajar ba ta nuna kuskure ba, ba ta yi gargaɗi ba, saƙawa kawai take yi da zaren da ta tarar a ciki. Baba ya matso da wayar kusa da ido.

"Wannan ai akoko ne."

"Bari in duba, Baba."

"Akoko ne. Wanda ko rini ba a yi masa ba. Ina layin dogon?"

Ta koma shafin umarni. Saka biyu. Saka biyu. Saka uku, saka ɗaya, saka huɗu. Ta buɗe Ƙafar Kaza, haka. Matar Manaja, haka. Ta ɗauka wayar ce ta ɓata su wajen kwafa, don haka da safe ta je wani shagon buga takardu ta roƙi aron kwamfuta, ta sa filash ɗin. A kan filash ɗin kansa babu ƙugiya ko ɗaya. An bi kowane fayil an share ta, an ajiye a kan na asali. Na asalin na biyu kuwa yana cikin kwamfutar da tsawa ta ƙone.

Ba ta kira Nathan ba. Ta jira bikin godiyar kaka na cocinsu, wanda ta san ba zai ƙi zuwa ba saboda mahaifiyarsa. Bayan an tashi, mutane na ta ɗaukar hoto da doya da dawa a gaban coci, ta same shi a gindin mangwaro, sanye da sabuwar riga.

"Anti! Kin gani ko? Ina so in zo in ba ki mamaki ne."

"Na sha mamakin. Me ka yi wa filash ɗina?"

Ya kalli gefe. Ya ce ƙungiyar ta ba shi wa'adi. Ya ce layin ƙugiyar ya yi ta karyewa a kan wayoyin da za su raba, wasu ma ba sa nuna harafin, shugabarsu ta ce ko a cire ko a bar aikin gaba ɗaya. Ya rubuta ɗan abin da zai bi fayiloli ya mayar da haruffan na yau da kullum don gwaji, ya sake shi a kan filash ɗin.

"Na ɗauka kina da su a babbar kwamfuta, Anti."

"Da ka aiko shi, ka faɗa min ka taɓa shi?"

Ya hau gyara wuyan sabuwar rigarsa.

"Da na ce maka tsawa ta ƙone kwamfutar, me ka ce min? Ka ce 'sannu, Anti, Allah ya mayar.' Ka san abin da ke rataye a makullaina a lokacin. Ka sani, ka ce min sannu."

"Na ji tsoro ne. Ina neman yadda zan gyara."

"Ka gyara?"

"Anti, ki duba ta wani gefen. Yara nawa ne za su taɓa buɗe Layin Dogo? Yanzu yara a makarantu da yawa suna rubuta umarni da Hausa. Ba abin da kike so ke nan ba? Don samfurorin mutum ɗaya sai a hana dubbai?"

"Mutum ɗayan ka durƙusa a gabansa."

Ya sunkuyar da kai. Ta ce to ya ba ta dama ta gyara manhajar da kanta, ta mayar da ƙugiyar. Nan ya gaya mata sauran. Kowace manhaja da ke kasuwar tana da hatimi, wanda ba mai iya sauya komai a cikinta sai mai riƙe da shi. Hatimin Masaka na ƙungiyar ne, ya sa hannu ya ba su tun farko.

Mahaifiyarsa ta ƙaraso tana murna, ta kama hannun Eunice. "Kin ga ƙaninki ya zama mutum? Duk aikinki ne." Eunice ta ce an gode Allah. Ta gaishe ta yadda ya kamata, ta ɗauki jakarta ta bi bakin titi. Ba ta tsayar da Keke ba, a ƙafa ta koma Kakuri.

Abin da ya biyo baya ba shi da armashi. Ta zauna ta koyi ginin manhajar waya da kanta, tana da shekara arba'in da wani abu, a kan kwamfutar aro. Ta ɗauki aikin da suka bari kafin tafiyar Nathan ta ɗora a kai. Tata Masaƙar ba ta da sauri, layin ƙugiyar wani lokaci yakan hau kan rubutu, a wasu wayoyin ma ba ta tashi. Ba ta cikin kasuwa, daga waya zuwa waya ake tura ta. Kuma da yake tushensu ɗaya, hatiminsu daban, waya ba ta yarda su zauna tare: duk mai son ta Eunice sai ya fara goge ta Nathan. Mama Chidinma ta ɗauki wannan a matsayin aikinta. Duk wanda ya kawo mata waya takan tambaye shi, "Ta hanyar Keffi kake so, ko ta Kakuri?" Da yawa sukan zaɓi ta Keffi, don ita ce malamansu suka sani. Eunice ba ta ganin laifinsu.

Nathan ya yi ta kira, ya turo dogayen saƙonni. Ya aiko da sabuwar waya ta hannun mahaifiyarsa, tana nan cikin kwalinta a saman kabad. Ko da mutane suka sa baki, Eunice ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. In an ambace shi takan ce yana Abuja, yana lafiya. Baba kuwa ba ta gaya masa komai ba. Ta ce masa waya ce ta rikita samfurorin. Sau ɗaya ya tambaya, "Yaron nan ya daina zuwa cin abinci?" Ta ce aiki ya yi masa yawa. Bai sake tambaya ba.

Samfurorin ta fara bin su da lissafi. Inda aka jera saka da saƙa bi da bi, da sauƙi. Amma Baba ba haka yake aiki ba. Wani wuri yakan saka zare biyu tare, wani wuri yakan saƙa sau biyu a jere saboda haka inji ke so, kuma lambobin zare da na layi duk ƙanana ne, suna kama da juna. Layin Dogo ta dawo da shi, don ta san kamanninsa tun tana yarinya. Ƙafar Kaza ta samu rabi. Sauran sai daga bakin mai su.

Shi ya sa yanzu da hantsi, kafin yara su taso daga makaranta, za ka same su su biyu a shagon. Ba ta karanta masa, domin duk yadda ta furta kalmar ta riga ta zaɓar masa amsa. Sunan samfur kawai take faɗa, ta bar shi ya rufe ido ya karanto, ita kuma tana bin layukan a waya tana kasa kunne ga inda ya ja wasali da inda ya gajarta. Sai dai Baba ya tsufa. Numfashinsa ya gajarta, dogon da gajeren sun fara zama ɗaya a bakinsa. Da farko abin ya tayar mata da hankali, har ta lura da hannunsa. In zare zai saka, yakan haɗa yatsu biyu kamar mai tsinkar auduga. In saƙa ce, tafin hannunsa ke wucewa daga dama zuwa hagu a kan gwiwarsa. Tun daga nan hannun take kallo.

Ranar da suka kai tsakiyar Matar Manaja, ya tafi tiryan-tiryan har wani wuri, sai ya tsaya. "Bakwai," ya ce. Ya sake cewa, "Bakwai." Hannun ya tashi daga gwiwa, ya tsaya a sama, yatsun ba su haɗu ba, tafin bai wuce ba. Eunice ta riƙe yatsarta a kan layin ƙugiya tana jira. Fanka na ta ƙara a sama. A waje wani mai Keke na kiran fasinjan Television.

"Baba, saka ko saƙa?"

Ya buɗe ido ya kalli hannun nasa, sannan ya mayar da shi kan gwiwa a hankali.

"Ai na faɗa miki tun tuni," ya ce. "Ba kin rubuta ba?"

Ta ce ta rubuta. Ta bar layin yadda yake, babu ƙugiya, ta sa masa alamar tambaya a gefe, ta ce su wuce na gaba.